Hucin da Ido Ba Ya Gani: Me Ya Sa Farin Fenti Ya Fi Kwano Mai Ƙyalli Sanyi?

Idan magidanci a Kano zai yi rufi, abu uku yake tambayar kafinta: kaurin kwanon, kuɗin bandir, sai launi. A kan launin ake daɗewa. Wani ya ce ja ya fi fito da gida, wani ya ce shuɗi, masu gina manyan gidaje a sababbin unguwanni kuwa yanzu sun raja'a ga baƙi da ruwan toka mai duhu. In aka zo maganar zafi, hukuncin da kowa ke yankewa ɗaya ne: baƙi yana jan zafi, fari da mai ƙyalli suna korarsa. Rabin maganar gaskiya ce. Ɗaya rabin, wanda ya zuba fari da ƙyalli a kwando guda, kuskure ne, kuma da gumi ake biyan kuɗinsa a watan Afrilu. Sabon kwano tsirara mai walƙiya ya fi wanda aka shafa wa farin fenti zafi nesa ba kusa ba, duk da cewa dukansu suna kashe ido da rana. Dalilin yana cikin wata ɗabi'a ta fatar abubuwa wadda ido ba shi da hanyar ganinta.

Zafi ta hanya uku yake tafiya. Yana bin jikin abu, shi ya sa cokalin da aka bari a kofin shayi yake ƙona yatsa. Iska ko ruwa suna ɗaukarsa su kai shi wani wuri. Ta uku ita ce huci, wanda ba ya buƙatar taɓawa kuma ba ya buƙatar iska. Shi kake ji a fuskarka in ka tsaya taku biyu daga tukubar mai tsire, ko da iskar tana kaɗa hayaƙin zuwa ɗaya ɓangaren. Shi ne kuma yake ratso kilomita miliyan 150 na sararin da babu iska ko kaɗan, daga rana zuwa kan Dala da Goron Dutse. Huci haske ne, danginsu ɗaya da hasken fitila da igiyar rediyo, tsawon zangonsu ne kawai ya bambanta. A shekarar 1800 masanin taurari William Herschel, a Ingila, ya ratsa hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku ya rabe shi zuwa launukan bakan gizo, ya bi kowane launi da ma'aunin zafi. Da ya ajiye ma'aunin gaba da ja, inda ido ba ya ganin komai, sai ya ga ya fi hawa. Wannan haske na bayan ja shi ake kira infared.

Abin da mutane da yawa ba sa kawowa a rai shi ne ba wuta da rana kaɗai ke fitar da shi ba. Katangar gidanka tana fitarwa, tabarmar da kake zaune a kai tana fitarwa, kai kanka kana fitarwa, har ƙanƙarar da ake sayarwa a watan azumi tana fitar da nata gwargwado. Yawansa ya danganta da zafin abin, kuma ba a hankali yake hawa ba. Josef Stefan ya gano ƙa'idar a Biyana a 1879, ɗalibinsa Ludwig Boltzmann ya tabbatar da ita ta hanyar lissafi a 1884. Ana auna zafin ne a ma'aunin Kelbin, wato a ƙara 273 a kan digirin Salshiyas da muka saba, sannan a ninka adadin da kansa har sau huɗu, a kuma ninka sakamakon da wani tsayayyen adadi. Fili mai faɗin murabba'in mita ɗaya da ke kan digiri 27, wato Kelbin 300, iyakar hucin da zai iya fitarwa wat 459 ne. Garwashin da ya kai Kelbin 900 ya ninka wancan zafi sau uku kacal, amma hucinsa ya ninka sau 81. Ƙarfen da ke wutar maƙeri yana huci tun yana baƙinsa. Sai ya kai wajen digiri 525 sannan wani ɗan kaso na hucin ya shigo zangon da ido ke gani, ya fara ja a cikin duhu.

Na ce iyakar abin da zai iya fitarwa, domin babu abin da ke cike wannan iyaka. A nan ne maganarmu take. Abubuwa biyu suna iya zama da zafi ɗaya daidai wa daida, ɗaya yana watsa huci kusan iya ƙarfinsa, ɗayan ya ƙanƙame nasa. Masana sun ba kowace irin fata maki tsakanin sifili da ɗaya, suna kiransa emisibiti: kason da abu ke fitarwa daga cikin waccan iyaka. Mai maki 1 ya fitar da duka. Mai 0.5 ya fitar da rabi.

Wanda ya fara nuna bambancin ƙarara shi ne John Leslie, mutumin Sikotland, a 1804. Ya sami gwangwani mai fuska huɗu, ya shafa wa ɗaya baƙin hayaƙin fitila, ya manna wa ɗaya farar takarda, ɗaya gilashi, ta huɗun ya bar ta a goge tana walƙiya. Ya cika shi da tafasasshen ruwa, yadda duk fuskokin suka zama da zafi ɗaya, ya riƙa juya kowace zuwa ga ma'auninsa. Mai baƙin hayaƙi ce ta zo ta ɗaya, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin mamakin shi ne farar takarda ta kusan kamo ta, gilashi na biye, ita kuwa mai walƙiyar ba ta ba da abin da ya wuce kusan kashi ɗaya cikin takwas ba. Fari da baƙi suka tashi kusan kunnen doki, ƙyallin ƙarfe ya koma can baya shi kaɗai.

Awon da aka yi daga baya bai rushe wannan ba. Ruwa yana da wajen 0.96. Jar ƙasa, tubali, bulo, siminti, kwalta, katako da yadi duk suna zagaye da 0.9. Fenti, fari ne ko baƙi ko kore, yana tsakanin 0.85 da 0.95. Fatar ɗan Adam tana da wajen 0.98, kuma ta Bakano da ta Balarabe da ta Bature duk ɗaya ce a wannan fage. Sai ƙarafa tsirara su ware: gogaggen alminiyum wajen 0.04, gogaggiyar tagulla haka, azurfa 0.02. Sabon kwanon rufi da ba a yi wa fenti ba da wuya ya wuce 0.25. Sirrin ƙarfe shi ne akwai ƙwayoyin lantarki da ke yawo sakaka a jikinsa, waɗanda su ne suka sa yake ɗaukar wutar lantarki, su ne kuma suke mayar da huci baya. Amma wannan hali a 'yar fatar sama kawai yake, wadda ba ta kai kaurin gashi ba. Tsatsa ta hau, maki ya tashi zuwa 0.7 ko 0.8. A shafa fenti shafi ɗaya, ya koma 0.9, ƙarfen da ke ƙarƙashi bai canza ba ko kaɗan.

Ba sai an je ɗakin gwaji ba. Gobe da safe ka tsaya a teburin mai shayi, ka dubi butarsa. Gindinta da rabin cikinta sun yi baƙi ƙirin da hayaƙi, kafaɗarta kuwa, in mai tsafta ne, ya goge ta da toka tana sheƙi. In ya sauke ta daga wuta, ka kai bayan hannunka kusa da gefen baƙin, kamar tazarar yatsu uku, kada ka taɓa. Za ka ji ɗumi yana dukan fatarka nan take. Ka mayar da hannun gefen da ke sheƙi, da tazara ɗaya, ta gefe ba ta sama ba don kada tururi ya rikita ka. Za ka ji kamar an rage wuta. Ruwa ɗaya ne a ciki, digiri 100 ko kusa da haka. A lissafi, baƙin gefen yana zubar da wajen wat 590 a kowane murabba'in mita ta hanyar huci, mai sheƙin wajen wat 30. In aka haɗa da abin da iska ke kwasa, wanda duka biyun suka yi tarayya a kansa, butar da ta yi baƙi gaba ɗaya tana asarar zafi ta jikinta kusan ninki biyu na gogaggiya. Saboda haka goge buta ba kwalliya ce kawai ba, tattalin gawayi ne.

Wannan rowar huci tana da haɗarinta. Salansar babur mai sheƙi tana iya yin zafin da zai sale fata, amma ba ta aiko da gargaɗi. Da baƙar tukunya ce mai irin wannan zafi, ƙafa za ta ji ɗuminta tun kafin ta isa, ta janye. Tabon salansa da ke ƙwaurin yara da mata da yawa a garin nan, da hannun ƙarancin emisibiti a ciki. Na'ura ma tana faɗawa wannan tarko. Bindigar auna zafi da aka riƙa saita mana a goshi a ƙofar banki da asibiti a 2020 ba zafi take aunawa kai tsaye ba, huci take karɓa ta yi lissafi, bisa zaton makin abin da ke gabanta ya kusa 1. A kan goshi zaton ya yi daidai. Irin wadda makanikai da masu aikin lantarki ke riƙewa yawanci an saita ta a 0.95, ka nuna ta ga gogaggiyar tukunyar alminiyum da ruwa ke tafasa a ciki, sai ta ce maka digiri 35 ko 40, domin yawancin abin da ta gani hucin ɗakin ne da tukunyar ta mayar mata. Masu sanin aikin sukan manna ɗan baƙin tef na wayarin a jikin ƙarfen, su jira ya ɗauki zafi, su auna a kansa. Duk mai duba zafin mahaɗar waya ko sandar tagulla a akwatin wuta da bai san wannan ba, zai iya sa wa abin da ke dab da kamawa da wuta albarka ya wuce.

To, in fari da baƙi duk ɗaya ne wajen fitarwa, me ya sa baƙar mota ta fi fara zafi a rana? Ba za a gane amsar ba sai an kawo Gustav Kirchhoff, Bajamushe, wanda a wajen 1860 ya kafa ƙa'idar cewa gwargwadon yadda fata ke shan huci, gwargwadon haka take fitar da shi. Mai yawan karɓa shi ne mai yawan bayarwa. Sai dai ƙa'idar tana da sharaɗi: a zango ɗaya. Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango, sun san tashar da ke kan wannan ba a kama ta a kan wancan. Fuskar rana tana da zafin wajen digiri 5,500, don haka hucinta gajeren zango ne, ya fi ƙarfi a wajen rabin maikiromita, wato rabin kashi ɗaya cikin miliyan na mita, kuma kusan dukansa bai wuce maikiromita 3 ba. Rufin ɗaki da ke tsakanin digiri 30 da 70 yana fitar da nasa a dogon zango, ya fi ƙarfi tsakanin maikiromita 8 da 10. Wilhelm Wien ne ya fitar da wannan dangantaka ta zafi da zango a 1893. Ke nan kowace fata tana da hali biyu da ba lallai su yi kama ba: yadda take yi da gajeren zangon rana, da yadda take yi da dogon zangon kanta. Halin farkon kaɗai ido yake shaida, shi ma ba duka ba.

Farin fenti yana mayar da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na hasken rana, ɗan abin da ya sha kuma yana fitar da shi da maki 0.9. Ya ci riba ta fuska biyu. Baƙin fenti yana shanye kashi 95, yana fitarwa da kyau, amma abin da ya sha ya fi ƙarfin fitarwar. Kwano tsirara yana mayar da wajen kashi 60, wanda ba laifi, sai dai kashi 40 da ya sha ba shi da ƙofar fitar da shi sai abin da iska ta taimaka ta kwasa, don haka zafi yake taruwa a jikinsa. Awon da cibiyar bincike ta Lawrence Berkeley da ke Kalifoniya take amfani da shi ya nuna cewa a tsakiyar rana baƙin rufi yakan ɗara iskar da ke kewaye da shi da wajen digiri 50, fari da wajen digiri 8, ƙarfe tsirara kuwa da 25 zuwa 30. Ka ɗora waɗannan a kan digiri 40 na azahar ɗin Afrilu a Kano, ka ga inda kowanne ya tsaya. Akwai ma hali na huɗu da ake ƙerawa da gangan, baƙar fata mai shan rana da kashi 95 amma makin fitarwarta bai wuce 0.1 ba, ita ake sa wa na'urar dafa ruwa da hasken rana, inda ake son zafi ya shiga ya rasa hanyar fita.

Tufafi ma haka ne, ko da yake a nan iska tana shiga maganar. Farar shadda da baƙin turkuɗin Kura da Buzaye ke naɗawa makinsu na fitarwa kusan ɗaya ne, da dare babu wanda ya fi wani sanyi. Da rana baƙin ya fi sha. Amma wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 1980 kan makiyayan hamadar Sina'i ya gano cewa ƙarin zafin da baƙar riga mai yalwa ta sha ba ya isa fata, iskar da ke zagayawa tsakanin riga da jiki tana fitar da shi. Ɗinkin babbar riga ya fi launinta muhimmanci. Rufin kwano ba shi da wannan gata.

Kuma a Kano rufin ne ke ɗaukar dukan. Garin yana kan wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka a ƙarshen Afrilu, da kuma ƙarshen Agusta, rana tana bi ta tsakar ka daidai. A Agusta gajimare yana kāre mu. A Afrilu babu mai kārewa: wajen wat 1,000 ke sauka a kan kowane murabba'in mita na rufi da azahar, katangu kuwa kaɗan suke samu a wannan lokaci.

Yanzu mu shiga ƙarƙashin kwanon, inda lissafin ya juye. A waje muna son fata mai yawan fitarwa, don ta mayar wa sama abin da ta sha. A ciki, abin da kwano ya fitar a kanmu yake sauka. Ɗauki shago ko ɗaki mai mita 4 a tsaye 4 a kwance, babu silin, kwanon ya kai digiri 70, mutane da kayan da ke ƙasa suna kan 35. Bambancin iyakar hucin waɗannan biyu wajen wat 275 ne a kowane murabba'in mita. In cikin kwanon ya tsufa, ya dafe da ƙura da hayaƙi, ko kuwa irin mai fenti ciki da waje ne, makinsa 0.9, yana sauko da kusan wat 4,000 cikin ɗakin. Kamar a rataye dutsen guga huɗu na lantarki a saman kanka ne a kunna su. In sabo ne mai maki 0.25, abin ya sauko zuwa wajen wat 1,100. In an shimfiɗa fallen alminiyum mai sheƙi a ƙarƙashinsa, mai maki 0.05, bai fi wat 220 ba. Lissafin na gwaji ne, domin kwanon da aka toshe wa ƙofar ƙasa yakan ƙara ɗan zafi, iska ma tana sauko da nata, amma girman tazarar yana nan. Wannan ne ya sa ɗan kasuwa a Sabon Gari ko Kwari zai ce maka shekarar da aka yi rufin rumfarsa ba ta da zafi haka, kuma gaskiya ya faɗa. Shi ne kuma ya sa fanka ba ta magance shi: fanka iska take motsawa, huci kuwa ratsa iskar yake yi ya sauka a kan fata. Ɗaliban da ke ajin da babu silin, daga ƙarfe goma sha biyu zuwa tashi, a ƙarƙashin wannan suke karatu.

Saboda haka in kafinta ya ce, “Alhaji, in dai sanyi kake so a sa mai ƙyallin nan, rana na dukansa take komawa,” amsar da ta dace ita ce, “Malam, ƙyallin a ciki nake son sa, waje a ba ni fari.” A ganina wannan ita ce shawara mafi arha da mai gini a Kano zai iya ɗauka, kuma ita ce aka fi yin akasinta: baƙi a waje don ado, fenti a ciki don haka kamfani ya kawo shi.

Sharaɗi ɗaya ne ga ƙyallin ciki, wanda in aka saɓa shi an yi asarar kuɗi. Dole fuskar mai sheƙin ta kalli sarari, ko da na santimita 2 ko 3 ne. In aka matse fallen tsakanin kwano da katako, ko aka manna silin a jikinsa, zafi zai bi ta jiki ya wuce, alminiyum kuwa gwani ne wajen wannan. Filas ɗin shayi a kan wannan dabara yake aiki tun da James Dewar ya ƙirƙiro shi a 1892: bango biyu, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, an shafe fuskokin da ke kallon juna da azurfa. Rashin iskar ya tare hanya biyu, azurfar ta tare ta uku. Silin na gama-gari yana taimakawa, don yana tare huci daga sauka kai tsaye, amma shi ma yana sha ya yi zafi ya sake fitarwa ƙasa da maki 0.9. In an bar wa iska ƙofofin shiga da fita tsakanin kwano da silin, aikinsa yana ƙaruwa sosai.

Ginin ƙasa na cikin birni, irin na Gidan Makama da tsofaffin soraye, wata hanya ya bi daban. Makin jar ƙasa 0.9 ne ciki da waje, ba ta da wata rowar huci. Kaurinta ne makaminta: zafin da ya sauka a kan soro da azahar yana ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa ƙasar da ke kan azara, kafin nan rana ta yi sanyi. Da dare sai rufin ya juya ya riƙa mayar wa sama. Wani kaso kuma yana isowa ciki bayan magariba, shi ya sa a bazara ake fitar da tabarma tsakar gida. Rufin kankare yana yin irin wannan jinkiri, sai dai da yake siminti ya fi ƙasa saurin ratsa zafi, kuma yawanci bai kai soro kauri ba, mazauna ƙarƙashinsa sun san yadda yake huci har tsakar dare.

Me ya sa tsakar gida ta fi ɗaki sanyi da dare, ko da babu iska? Domin wanda ke ɗaki yana musayar huci da bango da rufi masu zafi kusan irin na jikinsa, abin da ya bayar ana mayar masa. Wanda ke waje yana musaya da sama. Iskar da ta lulluɓe duniya tana tare yawancin dogon zango, amma tana da wata kafa tsakanin maikiromita 8 da 13 inda huci ke wucewa kai tsaye zuwa sararin samaniya, kuma nan ne daidai inda jikin mutum da ƙasa da rufi suka fi fitarwa. Danshi da gajimare suna toshe kafar. Shi ya sa daren da hadari ya haɗu bai zubar ba yake hana barci, shi ya sa kuma a Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ta bushe ƙayau, zafin da ya haura digiri 28 da rana yake faɗowa zuwa 13 ko ƙasa da haka kafin asuba. Motar da ta kwana a fili a ƙarshen damina takan tashi da raɓa a rufinta, wadda ta kwana a ƙarƙashin rumfa ko darbejiya ta tashi a bushe: ta farkon ta yi ta aika huci sama har ta fi iska sanyi. Mutanen Farisa na da sun yi amfani da wannan wajen yin ƙanƙara a hamada, suna zuba ruwa a kududdufai marasa zurfi a daren sanyi mai tsabtar sama. Sanyin ruwan randa kuwa ba wannan ba ne, nasa daga tsattsafowar ruwa da bushewarsa a jikin tukunyar yake.

Masu bincike sun daɗe suna neman fatar da za ta yi wannan aiki da rana tsaka. A 2014 wata tawaga a Jami'ar Stanford ƙarƙashin Shanhui Fan ta nuna wani shafi da ke mayar da kashi 97 na hasken rana, yana kuma fitar da huci ta waccan kafa, har ya fi iskar da ke kewaye da shi sanyi da kusan digiri 5 a cikin rana, babu lantarki. A 2021 tawagar Xiulin Ruan a Jami'ar Purdue ta fito da farin fenti mai mayar da kashi 98.1. Halitta ta riga su: akwai wata tururuwa mai launin azurfa a hamadar Sahara da ke fita kiwo da tsakar rana, wadda bincike a 2015 ya nuna gashin jikinta yana mayar da hasken rana, yana kuma ƙara mata ƙarfin fitar da huci. Ban ga dalilin jiran waɗannan su iso kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa ba. Farar ƙasa da farin fenti na kasuwa sun riga sun ba da mafi yawan ribar. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 da ya kashe mutane da dama, ya tsara shirin yaƙi da zafi a 2013, a 2017 kuma ya shafe rufin dubban gidajen talakawa da farin shafi mai arha.

Abokin gābar duka dabarun biyu a nan shi ne ƙura. Hazon da iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yana sauka a kan komai daga Nuwamba zuwa Maris. A kan farin rufi ba ya taɓa makin fitarwa, don ƙura ma 0.9 gare ta, amma yana dusashe farin ya sa ya riƙa shan rana. A kan fallen alminiyum kuwa ɓarnar ta fi muni, domin ƙura kaɗan ta isa ta ɗaga makinsa ya ninka sau da yawa. Don haka fallen da aka shimfiɗa a kan silin yana kallon sama zai yi aiki shekarar farko ya lalace. A ɗaure shi a ƙarƙashin kwano yana kallon ƙasa, inda ƙura ba ta zama. Farin rufin kuma ruwan sama zai wanke shi, amma ruwan ba ya kankama sai Yuni, bayan zafin ya gama cin mutane. Lokacin wanke shi ko sabunta shafinsa shi ne ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, bayan hazo ya fara janyewa, kafin rana ta hau tsakar ka.